Yawan Barcin Rana, Ɗaukewar Numfashi da Dare, da Masu Gyangyaɗi a Kotu

Yawan barcin rana shi ne mutum ya kasa riƙe idonsa a lokacin da ya kamata a ce yana farke, abin kuma ya riƙa faruwa kusan kullum. Likitocin barci sukan ɗauke shi a matsayin larura idan ya kai wata 3 yana maimaituwa. Ya bambanta da gajiya. Manomin da ya wuni yana huɗa ya gaji, amma in kuka zauna hira zai bi maganarka daga farko har ƙarshe. Mai wannan larura kuwa, ko tsinke bai ɗaga ba, da zarar ya zauna wuri ya yi tsit sai kansa ya fara rinjaya.

Za mu duba batun ta ƙofar kotu, gama a can ne tsadarsa ta fi fitowa fili. Wanda ya yi gyangyaɗi a wurin biki, abin da ya rasa kaɗan ne. Amma in alƙali ko lauya ya yi barcin minti biyar a lokacin da mai ba da shaida yake magana, gonar wani, ko 'yancinsa, ko ransa ma, suna iya tafiya cikin minti biyar ɗin nan. Sau da yawa kuma mai barcin ba rago ba ne. Ciwo ne yake damunsa da dare, shi kansa bai sani ba.

Abubuwan da ke kawo shi

Dalilin da ya fi yawa, wanda kuma aka fi rainawa, shi ne rashin isasshen barci. Babban mutum yana bukatar awa 7 ko fiye a kowane dare. Zafin bazara, sauro, ƙarar janareton maƙwabci, jariri mai kuka, aikin gadi ko na asibiti, latsa waya har tsakar dare, da kwanan addu'a a daren da aiki ke jira da safe, duk suna rage awoyin nan. Jiki kuwa yana rubuta bashi. A shekarar 1997 wasu masu bincike biyu a Ostareliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, lurarsa da saurin hannunsa sukan ragu kamar na mutumin da barasa ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa. In ya kai awa 24, sai ya zama kamar mai 0.10. A ƙasashe da yawa, wanda ya wuce 0.05 doka ta hana shi tuƙa mota.

Akwai kuma magunguna. Piriton da ake sha don mura ko ƙaiƙayi, Valium, tiramadol, maganin tari mai kodin, da wasu magungunan farfaɗiya da na taɓin hankali, duk suna sa barci. Akwai wata larura ta ƙwaƙwalwa da ake kira nakolefsi, wadda takan fara tun ƙuruciya, barci ya kama mutum farat ɗaya, wani ma in ya yi dariya sosai sai gwiwoyinsa su saki. Ba ta da yawa.

Sai mu raba wannan batu da ciwon barci da kakanninmu suka sani, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, wanda kuma saboda shi ne ake da cibiyar bincike a Kaduna da reshenta a Vom. Wancan ƙwayar cuta ce ke shiga jini, yakan zo da zazzaɓi da kumburin kaluluwa a bayan wuya, ya kuma ragu ƙwarai a zamaninmu. Abin da za mu tsaya a kansa dabam ne.

Ɗaukewar numfashi a cikin barci

Likitoci suna kiransa afniya, daga wata kalmar Helenanci mai nufin rashin numfashi. Ga yadda yake faruwa. Hanyar da iska ke bi daga bayan hanci zuwa maƙogwaro ba ta da ƙashi. Tsoka ce ke riƙe ta a buɗe. In mutum ya yi barci tsokar takan saki. Ga yawancin mutane hanyar takan ɗan matse kawai. Ga wasu kuwa, harshe da ganɗa da beli sukan koma baya, bangon maƙogwaro ya haɗe, kamar tiyon ruwa da aka taka. Ƙirji yana ta ja, iska ba ta wucewa. Iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta farkar da mutumin na 'yan daƙiƙoƙi, ya ja numfashi da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe, hanyar ta buɗe, ya koma barci. Ba da jimawa ba abin ya sake.

Likita yakan ƙirga tsayawar numfashi idan ta kai daƙiƙa 10. Daga sau 5 zuwa ƙasa da 15 a awa ɗaya, ciwon mai sauƙi ne. Daga 15 zuwa 30 matsakaici ne. Fiye da 30 ya yi tsanani. Mu lissafa: mai sau 40 a awa, in ya kwanta awa 7, an tashe shi sau 280 ke nan a dare ɗaya. Abin mamaki shi ne ba ya tuna ko ɗaya. Da safe zai rantse maka ya yi barci kamar gawa, gaskiyarsa kuma yake faɗa gwargwadon abin da ya sani.

Shi ya sa mai shaida na fari a wannan ciwo ita ce matar mutum, ko mijin mace, ko wanda suke ɗaki ɗaya. Su ne ke jin minshari mai ƙarfi, sa'an nan shiru, shirun da yakan sa mace ta tashi zaune ta girgiza mijinta don ta tabbata yana da rai, sa'an nan wani gurnani. Ba kowane mai minshari ne ke da afniya ba, amma minsharin da shiru ke katse shi abin kai wa likita ne. Sauran alamun su ne tashi da ciwon kai ko bushewar baki, yawan fita fitsari da dare, mantuwa, saurin fushi, raguwar sha'awar aure, da hawan jinin da ya ƙi sauka ko da ana shan magani iri biyu ko uku. Ya kuma bambanta da dannau, inda mutum yake farke yana ji amma ya kasa motsi.

Ƙiba ce babbar mai jawo shi, musamman kitsen wuya da na tumbi. Likitoci sukan sa ido in kaurin wuyan namiji ya kai inci 17, na mace kuma inci 16. Mai ɗinkin rigarka ya riga ya san naka. Maza sun fi mata kamuwa, amma bayan mace ta daina ganin al'ada tazarar takan ragu. Shekaru suna ƙara shi, haka barasa da maganin barci da taba. Siriri ma yana iya kamuwa in haɓarsa ƙarama ce ko ta koma ciki, ko hancinsa a toshe yake kullum. A wurin yara, yawanci ƙululun maƙogwaro da ake kira tonsil ne ke kumbura. Yaron da ke da shi ba lalle ya yi barci da rana ba. Wani ƙiriniya ce za ta ƙaru, ko fitsarin kwance, ko karatu ya ja baya.

Wani bincike da mujallar Lancet ta fannin numfashi ta buga a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 a duniya suna da wannan ciwo, miliyan 425 daga cikinsu matsakaici ko mai tsanani. Duk da wannan yawa, sanin ciwon sabo ne. A 1956 wasu likitoci a Amurka sun bayyana wani majiyyaci mai ƙiba da yawan barci, suka sa wa larurarsa suna daga littafin Pickwick Papers na Charles Dickens, inda akwai wani yaro mai ƙiba da ke barci ko a tsaye. Sai a shekarun 1970 ne Christian Guilleminault da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka tsara bayanin ciwon kamar yadda aka san shi yau. Kafin nan, abin dariya ne kawai a gari.

Ba abin dariya ba ne ga zuciya. Kowace tsayawar numfashi tana sa bugun zuciya da ƙarfin jini su yi tsalle. In aka yi shekaru haka, haɗarin hawan jini, shanyewar ɓarin jiki, rikicewar bugun zuciya da ciwon sukari yakan ƙaru. Direban da ke da shi bai sami magani ba, haɗarin mota a kansa ya ninka sau biyu ko fiye. Wanda ya taɓa farkawa ya ga motarsa ta bar hannunta, kada ya sake kama sitiyari a doguwar tafiya sai ya ga likita.

Gwaji da magani

Akwai ma'auni mai sauƙi da Dokta Murray Johns ya fitar a 1991 a asibitin Epworth da ke Melbon. Ana tambayar mutum yadda barci ke iya ɗaukarsa a yanayi takwas: yana karatu a zaune, yana kallon talabijin, yana zaune a taro, yana fasinja a mota na awa ɗaya, ya kishingiɗa da rana, yana magana da wani, yana zaune bayan abincin rana, da kuma in mota ta tsaya a cunkoso. Kowanne yakan ba da maki daga 0 zuwa 3, jimla 24. Wanda ya wuce 10, barcinsa ya yi yawa. Ma'aunin ba ya faɗin dalili, ƙararrawa ce kawai. Mun kuma lura mutane sukan rage wa kansu maki, don haka ya fi kyau a cika shi tare da na gida.

Tabbataccen gwaji shi ne a kwana da na'urori a jiki suna auna numfashi, oksijin, bugun zuciya da aikin ƙwaƙwalwa. Akwai kuma ƙaramar na'ura da ake kwana da ita a gida. Wuraren wannan gwaji ba su da yawa a ƙasarmu. Inda za a fara shi ne sashen kunne da hanci da maƙogwaro, ko na ciwon ƙirji, a asibitin koyarwa kamar na Jos, ko Shika, ko na Aminu Kano, su kuma su nuna mataki na gaba. In za ku tafi, ku tafi tare da wanda kuke kwana ɗaki ɗaya, ku ɗauki minsharin a waya na 'yan mintoci, ku riƙe dukan magungunan da ake sha.

Maganin da ya fi aiki na'ura ce mai suna CPAP. Colin Sullivan ne ya ƙirƙiro ta a birnin Sidni, ya buga sakamakon majiyyata biyar na farko a 1981, injin da ya fara gwadawa kuwa na na'urar zuƙe ƙura ne aka juya shi yana hurawa. Aikinta shi ne ta riƙa tura iska a hankali ta wani murfi da ake ɗaurawa a hanci, iskar ta tokare maƙogwaro kada ya haɗe. Masu ciwo mai tsanani da yawa sukan ga bambanci tun makon farko. Amma tallafi ce kamar tabarau: daren da ba a sa ta ba, ciwon ya dawo. A wurinmu tana da tsada, tana kuma son wutar da ba ta yankewa har asuba, saboda haka mai saye sai ya lissafa da batir ko sola.

Rage ƙiba yana taimako sosai. Wani dogon bincike a jihar Wiskonsin ta Amurka, da aka buga a 2000, ya gano cewa rage kashi 10 cikin ɗari na nauyin jiki yana tafiya da raguwar tsayawar numfashi da kusan kashi 26, ƙara kashi 10 kuma yana ƙara ta da kusan 32. Kwanciya ta gefe ta fi rigingine. Barin barasa da maganin barci dole ne. Likitan haƙori yana iya yin wani abin sawa a baki da ke turo haɓa gaba, ga mai sauƙi ko matsakaici. Yara kuma sau da yawa cire tonsil a asibiti yakan warkar da su. A nan sai mu ja kunne: kai yaro ko babba wurin wanzami a yanke beli ba maganin wannan ciwo ba ne, ga kuma haɗarin zubar jini da shigar ƙwayar cuta.

Me ya sa kotu?

In da za a gina ɗaki musamman don gwada wanda bashin barci ke kansa, da kotu za a gina. Mutum yana zaune awoyi, ba ya motsi, ba ya magana sai an ba shi izini. Murya ɗaya ce ke tafiya, wani lokaci ana karanta doguwar takarda, wani lokaci tafinta yana maimaita abin da aka riga aka ji. Ga zafi, ga baƙar riga da hular gashi a kan alƙali da lauyoyi. Jikin mutum kuma yana da nasa agogo, wanda ke sassauta lura tsakanin wajen ƙarfe 1 da 4 na rana, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Kotu ba ta ƙirƙirar barcin. Tana cire abubuwan da ke ɓoye shi ne kawai.

Shari'ar da ta fi nuna wannan ta faru a Ostareliya. A 2004 an gurfanar da mutum biyu, Rafael Cesan da Ruben Mas Rivadavia, a wata kotu a Sidni bisa zargin haɗa baki don shigo da ƙwayar maye. Alƙalin, Ian Dodd, ya riƙa yin barci a lokacin zaman, har da lokacin da ake yi wa wanda ake tuhuma tambayoyi. 'Yan'uwa da abokan waɗanda ake tuhuma sun ba da shaida daga baya cewa sun ji minsharinsa, sun kuma ga hankalin 'yan juri, wato mutanen gari da ake zaɓa su yanke ko akwai laifi, ya koma kan alƙalin. An sami mutanen biyu da laifi. Jaridu suka sa alƙalin a gaba, suka juya sunansa ya yi kama da kalmar Turanci ta gyangyaɗi. An gano yana da afniya mai tsanani, ya fara karɓar magani, amma a 2005 ya bar aiki. Kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta ƙi soke hukuncin, bisa ra'ayin mafi rinjaye. A 2008 Babbar Kotun Ostareliya, wadda ita ce ta ƙoli a ƙasar, ta soke shi ta ce a sake shari'ar, domin alƙalin da ke barci ba ya lura da zaman, barcinsa kuma ya ɗauke hankalin juri daga shaidar.

Abin lura a nan shi ne an yi hasara ta kowane gefe. Waɗanda ake tuhuma sun yi shekaru kafin a ce ba a saurare su yadda ya kamata ba. Gwamnati ta sake kashe kuɗi. Alƙalin ya rasa aiki da mutunci saboda ciwon da ke da magani. Likitocin barci biyu, Ronald Grunstein da Dev Banerjee, sun rubuta a kan lamarin a mujallar Sleep a 2007. A ganinmu kotun ƙolin ta yi daidai, jaridun kuma ba su kyauta ba. Ciwon alƙali dalili ne na a tausaya masa a kai shi asibiti. Amma wanda ke tsaye a akwatin tuhuma ba shi ya sa masa ciwon ba, bai kamata shi ya biya ba.

A Amurka lauya ne ya yi barcin. A 1984 an yanke wa Calvin Burdine hukuncin kisa a birnin Hustan na jihar Teksas. Shekaru bayan haka wasu 'yan juri da magatakardar kotun suka shaida cewa lauyan da aka ba shi, Joe Cannon, ya yi ta barci ana cikin shari'ar. A 2000 wasu alƙalai biyu cikin uku na kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya suka ce hukuncin ya tsaya, tun da ba a nuna daidai wane wuri barcin ya cuce shi ba. A 2001 cikakken zaman kotun ya juya wannan, ya ce lauyan da ba ya cikin hayyacinsa daidai yake da babu lauya. A 2003 Burdine ya amsa laifi aka mai da hukuncin ɗaurin rai da rai. Tsakanin hukuncin farko da wannan, shekara 19 ne.

Ba kullum ake soke hukunci ba. A Ingila, alƙali Michael Coombe ya yi barci a lokacin da lauyan kariya ke jawabin ƙarshe a shari'ar waɗanda suka yi yunƙurin sace lu'ulu'u a Landan a 2000. Kotun ɗaukaka ƙara a 2004 ta bar samunsu da laifi yadda yake. Akwai kuma wanda ya shafe mu kusa. Marigayi Mai Shari'a Adolphus Karibi-Whyte, wanda ya yi alƙalanci a Kotun Ƙoli ta Najeriya, shi ya shugabanci shari'ar sansanin Celebici a kotun duniya ta laifuffukan yaƙin tsohuwar Yugoslabiya, a birnin Heg, daga 1997 zuwa 1998. Da aka ɗaukaka ƙara, ɗaya daga cikin hujjojin shi ne wai ya yi barci a zaman. Alƙalan sama suka kalli bidiyon zaman, suka ga lokuta na 'yan daƙiƙoƙi da ke maimaituwa inda hankalinsa ba ya kan abin da ake yi. A hukuncinsu na Fabrairu 2001 sun ce hakan bai dace da alƙali ba, amma sun ƙi hujjar, domin ba a nuna cutarwar da ta jawo ba, lauyoyin kuma ba su ta da maganar a gaban kotun a lokacin da abin ke faruwa ba. Wannan ɗan barci na daƙiƙoƙi sananne ne ga likitoci, mai yinsa kuma sau da yawa ba ya sanin ya yi.

A kotunanmu

Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi cikin adalci. A kotunan Najeriya na yau babu juri. Alƙali shi ke ji, shi ke auna shaida, shi ke yanke hukunci, a kotuna da yawa kuma shi ne ke rubuta abin da aka faɗa da hannunsa. Rubutun yana taimaka masa ya zauna a farke, amma yana da wani gefe. Abin da bai ji ba, ba zai shiga littafi ba, littafin kuwa shi ne kotun sama za ta karanta. Bugu da ƙari, kotun ɗaukaka ƙara ba ta cika taɓa ra'ayin alƙalin farko a kan wane mai shaida ne ya faɗi gaskiya ba, bisa dalilin cewa shi ne ya gan shi da idonsa ya ji shi da kunnensa. Dukan wannan ka'ida a kan farkakken ido take tsaye. Tun 2023 kuma alƙalan manyan kotuna suna iya kaiwa shekara 70 a kan aiki, shekarun da afniya da hawan jini da shan magunguna suka fi yawa. Wannan ba hujjar raina dattawa ba ce. Hujja ce ta a sa tambayar barci cikin gwajin lafiyar da ake yi wa masu irin wannan aiki.

In ɗan'uwa yana da shari'a ya ga alƙali ya yi barci, kada ya ɗaga murya, gama ana iya ɗaukar hakan raina kotu. Ya rubuta lokacin da sunan wanda ke ba da shaida, ya miƙa wa lauyansa. Lauya yana da hanyoyi na ladabi: ya dakata da magana, ya roƙi ɗan hutu, ya nemi a maimaita amsar a kuma karanta abin da aka rubuta. In abin ya ci gaba, ya nemi a sa ƙorafin cikin littafin kotu a ranar. Shari'ar Heg ta nuna abin da shiru ke jawowa. Mun san da wuya ƙaramin lauya ya faɗa wa alƙalin da zai sake tsayawa gabansa gobe cewa ya yi barci, amma don irin wannan rana aka ɗauke shi. Ƙorafi a kan alƙalan manyan kotuna yana zuwa Majalisar Shari'a ta Ƙasa, na majistare da ƙananan kotuna kuma Hukumar Ma'aikatan Shari'a ta jiha. In lauyanka ne mai barcin, ka yi masa magana a hutu. In ya sake, kana da haƙƙin sauya shi.

Ga wanda zai wuni a kotu, mai ƙara ne ko mai shaida ko ma'aikaci, shirin yana farawa tun daren jiya da wanda ya gabace shi. Abincin rana ya zama kaɗan, malmalar tuwo ko sakwara a bari sai yamma. Goro da shayi da kofi suna da sinadarin kafin, wanda ke fara aiki cikin kamar rabin awa, amma bayan awa 5 kusan rabinsa yana nan a jini, saboda haka goron la'asar daga barcin dare yake ranto. Barcin minti 15 zuwa 20 a lokacin hutu ya fi kofi na uku amfani. Rubuta abin da ake faɗa, shan ruwa, da miƙewa a taka ƙafa duk lokacin da aka tashi, suna taimako. Kada a sha Piriton da safen ranar, amma maganin da likita ya ɗora mutum a kai kada ya bari sai ya tambaye shi. Waɗannan duka dabarun wuni ɗaya ne. Mai afniya ko ya cinye ƙwaryar goro, maƙogwaronsa zai sake toshewa da dare.

Mu ma muna da namu zaman shari'a. Dattawan ikkilisiya sukan saurari rikicin aure, da na gado, da na horo, sau da yawa kuma bayan sujada mai tsawo, daidai lokacin da jiki ke sassautawa. Barci a taron masu bi ba sabon abu ba ne. Ayyukan Manzanni sura 20 ta ba da labarin Aftikos, saurayin da barci ya kwashe a bakin taga a Taruwasa sa'ad da Bulus ya kai tsakar dare yana magana. Mun saba jin ana kiran gyangyaɗin mutum sanyin ruhu ko aikin Shaiɗan. Kafin a kai ga wannan, ya kamata wani na kusa ya tambaye shi a keɓe, ko ya tambayi matarsa, yadda numfashinsa yake da dare. Game da zaman kansa, a sa shi da safe ko a wata rana dabam, a yi hutu bayan kowace awa ɗaya da rabi, magatakarda kuma ya karanta wa kowane mai magana abin da aka rubuta daga bakinsa kafin ya zauna. In dattijo ya yi barci a lokacin da ɓangare ɗaya ke magana, shugaban zaman ya dakatar, a maimaita wurin. In ba a iya maimaitawa ba, dattijon ya janye daga yanke shawara a wannan magana, a kuma rubuta cewa ya janye.